Mutum-mutumi a filin gini: me zai ɗauke wa ma'aikaci, me zai ƙara masa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni foman ne a wani kamfanin gine-gine, shekarata shida ina kula da ma'aikata. Kwanan nan manyanmu suka fara maganar kawo mutum-mutumi filin aiki, wai zai rage haɗura, ya rage ɓarnar kaya da gurɓata muhalli. Yarana hankalinsu ya tashi, gani suke sallamarsu za a yi. Ni kaina na rasa wanda zan gaskata. Da gaske na'urorin nan suna kare rai da muhalli, ko daɗin bakin masu sayarwa ne? Kuma ta yaya mutum da na'ura za su yi aiki wuri ɗaya lafiya?"

Wa alaikumus salam. Malam, na ga inda ka tsinci kanka. Mutanen ofis sun ga bidiyo sun yi sha'awa, mutanen fili suna tsoron a taɓa musu abinci, kai kuma kana tsakiya, kuma kai za a fara kira ranar da wani abu ya faru. So kake ka san ko alƙawuran nan biyu, na kare rai da na kare muhalli, suna da tushe, sannan yadda za a haɗa mutum da na'ura ba tare da an yi gudun gara an faɗa gidan zago ba. Suna da tushe, amma a ayyuka ƙalilan da aka zaɓa da hankali. Kuma abin da na gani da idona shi ne, babban rabo na amfanin yana fitowa ne daga tsarin da na'urar ke tilasta wa mutane su bi kafin ta yarda ta yi aiki.

Abin da ake kira mutum-mutumi a filin gini

Sunan ne ya fara rikita mutane. Da an ambace shi sai yaranka su hango wani dodon ƙarfe mai kai da ƙafafu, ya ɗauki cokalin magini ya hau tsani. Ban taɓa cin karo da irin wannan a fili ba. Abin da ake da shi galibi hannun ƙarfe ne da aka ɗora a kan 'yar mota mai tafiya da sarƙa irin ta katafila, kuma aiki ɗaya tak ya iya. Jaibot na kamfanin Hilti, wanda ya fito a 2020, huda silin ne kawai aikinsa. TyBot da ake ƙerawa a Amurka ɗaure rodi a kan shimfiɗar gada ya sani. Na Dusty Robotics ɗan ƙarami ne, yawo yake a kan daɓe yana zana layin inda bango zai tsaya. Wanda ya fi kama da mai rai shi ne Spot na Boston Dynamics, mai ƙafa huɗu kamar kare, shi kuwa ko bulo ɗaya ba ya ɗagawa, zagaye yake yana ɗaukar hoto da awo.

Abin kuma ba sabo ba ne. Tun 1976 aka fara ƙera na'urar rusau ta Brokk a Suwidin, wadda mutum ke sarrafawa da rimot daga nesa. A Japan, bayan dutsen Unzen ya yi aman wuta a 1991 har mutum 43 suka rasu, an buƙaci kwashe tarin laka da duwatsu da gina shingaye a wurin da ba a yarda ɗan Adam ya shiga ba. Sai aka sa direbobin katafila da tifa suka zauna can nesa a gaban talabijin, motocin suna aiki babu kowa a ciki. A farkon shekarun 1990 ɗin nan dai kamfanonin Shimizu da Obayashi suka gwada wani abu mafi girma: suka kafa masana'anta sukutum a saman bene, tana harhaɗa hawa ɗaya, sai a ɗaga ta sama ta harhaɗa na gaba. Ya yi aiki, amma bai yaɗu ba. Kafa shi da kwance shi na cin lokaci da kuɗi, kuma sai dogon bene mai hawa iri ɗaya yake dacewa da shi.

Dalilin da ya sa na'ura ta mamaye masana'antar mota amma ta daɗe tana jan ƙafa a gini yana da sauƙin fahimta ga wanda ya san fili. A masana'anta an kafe ta wuri ɗaya da ƙusoshi, motar ce ke zuwa gabanta, iri ɗaya sau dubu. A gini abin da ake ƙerawa ne a kafe, wurin aikin kuma kullum sabo ne. Inda ka wuce da safe, da la'asar an jibge buhunan siminti. Ga ruwan sama, ga ƙura, ga masu sana'a goma kowa da nasa uzurin.

Inda take ceton rai

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa a filayen gini duk shekara. A Amurka, inda ake ajiye lissafi da kyau, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ke mutuwa a bakin aiki 'yan gini ne, kuma abubuwa huɗu ne kan gaba: faɗowa daga sama, wani abu ya bugi mutum, jan wutar lantarki, da matsewa tsakanin abu biyu ko ruftawar rami. Faɗowa ce ta fi kowanne. Waɗannan su ake gani, su ake kuka a kansu. Akwai kuma masu kisan mummuƙe waɗanda ba sa shiga littafin haɗari: ƙurar silika da ke fita daga kankare da dutse, mai daskarar da huhu ba tare da magani ba, girgizar injin da ke kashe jijiyoyin yatsu, ciwon baya da kafaɗa da ke zaunar da gwanin birkila tun bai kai hamsin ba. Saboda silikar nan ne hukumar kare ma'aikata ta Amurka ta rage iyakar da aka yarda a shaƙa zuwa maikirogiram 50 a kowace kubik mita ta iska, a dokar da ta fitar a 2016.

Ka tsaya wata rana ƙarƙashin wanda ke huda silin don a rataye bututu. Yana kan tsani, ya ɗaga kai har ƙeyarsa na taɓa bayansa, hannayensa biyu suna sama riƙe da injin huda, garin kankare na zubo masa a fuska. Ba hannun da ya rage masa na riƙe tsani. In ya gama rami ɗaya ya sauko, ya ja tsanin taki biyu, ya sake hawa, haka har sau ɗaruruwa kafin a gama hawa ɗaya na babban bene. Haɗari uku ne suka haɗu masa a lokaci guda: faɗowa, ƙura, da lalacewar kafaɗa. Irin wannan aikin ne nake cewa a miƙa wa na'ura ba tare da dogon tunani ba. Tana hudawa tana zuƙe ƙurar a bakin ramin, mutumin kuma yana tsaye a ƙasa da rimot a hannu. Haka mai ɗaure rodi da ke yini a sunkuye yana taka ragar ƙarfe, haka mai rusa bangon da ba a san lokacin da zai rufto ba, haka wanda ke shiga ramin lif yana huda bango, aikin da kamfanin Schindler ya ƙera wa na'ura ta musamman.

Masana tsaron ma'aikata suna da wani jeri da suke bi. Mafi inganci shi ne a kawar da haɗarin ɗungurungum, ko a raba mutum da shi. Sai a canza shi da abin da bai kai shi muni ba, sai a sa shinge ko injin zuƙe ƙura, sai a tsara dokoki da lokutan aiki. Hular kwano da takunkumi da ɗamarar tsaro su ne na ƙarshe a jerin, domin sun dogara ga mutum ya tuna, ya sa, ya kuma sa daidai, a rana mai zafi bayan ya gaji. Darajar na'ura ita ce tana ɗaga ka daga ƙasan jerin nan zuwa samansa. Wanda bai hau tsani ba ba zai faɗo daga tsani ba.

Haɗarin da take shigowa da shi

Nan ne masu talla ke yin shiru, kuma nan ne aikinka yake. Tun 1979 aka samu mutum na farko da aka rubuta cewa mutum-mutumi ya kashe, a wata masana'antar mota a jihar Michigan. Maganin da masana'antu suka samo shi ne keji: a kulle na'ura ciki, da an buɗe ƙofa wuta ta yanke. A filin gini kejin ba ya yiwuwa, domin na'urar tafiya take, mutane ma tafiya suke. A 2016 hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da ISO/TS 15066 kan aikin mutum da na'ura kafaɗa da kafaɗa, bisa hanyoyi huɗu: ko ta tsaya cak idan mutum ya shigo da'irarta, ko mutum ya riƙa jagorantar hannunta da nasa, ko ta riƙa rage gudu gwargwadon kusantowarsa, ko a taƙaita ƙarfinta yadda ko ta taɓa shi ba za ta ji masa ciwo ba. Ka lura da abu biyu. Ta huɗun ba ta da amfani ga na'urar da ke riƙe da guduma ko bulo mai nauyi. Sannan duk an tsara su ne da tunanin masana'anta mai tsabta da haske daidai. A fili ƙura na rufe idon na'ura, hasken rana na kashe mata gani, daɓe ba shi da daidaito.

Bari in ba ka labarin abin da ya fi tsaya mini a rai. Muna gwajin na'urar huda silin a hawa na uku na wani gini, mun kewaye wurin da igiya mai ja da fari. Na'urar ta huda layi ɗaya ta tsaya, hannunta a sama, shiru. Wani yaro mai aikin wuta, wanda ba ya cikin waɗanda muka yi wa bayani da safe domin ɗan kwangilarsu daban ne, ya hango filayarsa a gindinta. Ya ɗaga igiyar ya kutsa. A ganinsa abin a kashe yake. Ita kuwa lissafin matsayinta take yi kafin ta matsa layi na gaba. Allah ya sa mai rimot yana kallo, ya danna jan maɓallin tsayarwa, sarƙar ta motsa kamar taƙi ɗaya ta tsaya daf da takalminsa. Yaron ya ɗauki filayarsa ya juyo yana murmushi, bai ma san abin da ya tsallake ba. Ni kuwa sai da na nemi wuri na zauna.

Tun daga ranar nake nanata wa duk wanda zai yi aiki kusa da irin wannan: na'urar da ta yi shiru ba lalle a kashe take ba, tana iya zama jira take. Injin dizal yana ruri, kunne na gargaɗin mutum tun kafin ido ya gani. Mai batir ba ya gargaɗi. Mun sa mata fitila mai launi uku da ƙara kafin motsi, mun kuma mai da shi doka cewa duk wanda zai taka hawan da take aiki, ko na wane ɗan kwangila ne, sai ya tsaya bayanin safe. Laifin ba na yaron ba ne, namu ne da muka ɗauka igiya ta isa.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Ingila, Lisanne Bainbridge, ta yi bayaninsa tun 1983: idan ka ba na'ura sassauƙan ɓangaren aiki, ka bar wa mutum gadi, to ka ba shi aikin da ɗan Adam ya fi rauni a kansa, wato zura ido ga abin da ba ya ɓaci. Awa uku lafiya, hankali ya tafi waya. Kuma ranar da abin ya rikice, ana buƙatar gwanintarsa a daidai lokacin da hannunsa ya kwana biyu bai taɓa aikin ba. Shi ya sa ba na barin mutum ɗaya ya yini a kan rimot, kuma ba na yarda a haɗa masa da wani aikin wai don "ai tsaye kawai yake".

Rigar ƙarfen nan da ake ɗaura wa ma'aikaci don ta tallafi kafaɗarsa ma haka take. Tana rage gajiya ga mai aiki sama da kai, amma nauyin ba ɓacewa yake ba, sauka yake kan ƙugu da baya. Idan kuma aka ce tunda an ba ka riga sai ka ƙara yawan aiki, an koma gidan jiya.

Batun muhalli

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa a rahotonta na 2022 cewa gine-gine da aikin gini na da alhakin kusan kashi 37 cikin 100 na iskar kabon mai ɗumama duniya da ke fita daga makamashi da masana'antu. Amma mafi yawan wannan yana fita ne bayan an tare, wajen sanyaya ɗaki da ɗumama shi da kunna wuta. Wannan aikin mai zanen gini ne, na'urar huda silin ba ta da ta cewa. Abin da ya shafe mu a fili shi ne kayan gini, musamman siminti, wanda shi kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon ɗin duniya. Ana gasa dutsen farar ƙasa ne a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar daga jikin dutsen take fita lokacin da yake rikiɗewa, ko da wace irin wuta aka gasa shi. Saboda haka na'urar da ta zuba kankare iri ɗaya, adadi ɗaya, da sauri, ba ta rage komai ba. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: buhu nawa aka fasa buɗewa?

Hanya ta farko da ake samun ragi ita ce rage sake aiki. Ka fi ni sanin yawan bangon da ake fasawa don an kauce wa layi, da kankaren da ake sarewa don bututu ya wuce. Duk abin da aka fasa an biya kabon ɗinsa sau biyu. Na'urar zana layi da na'urar zagaye tana auna abin da aka gina tana gwada shi da zanen kwamfuta suna kama kuskure tun yana ɗanye. Sai dai wannan ma da sharaɗi. A wannan aikin da na ba ka labari, wata safiya na'urar ta huda mana ramuka layi biyu, kowanne daidai inda zane ya ce, ko milimita biyar bai kauce ba. Wani dattijo mai aikin famfo ya shigo, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi kafar da aka bari a bango, ya ce, "Injiniya, bututun nan ai ba ta nan zai bi ba." Ashe an canza hanyar bututun mako biyu da suka wuce, an gaya wa mutanen fili da baki, ba a gyara a kwamfuta ba. Da mutum ne ke hudawa, a rami na biyu zai tsaya ya tambaya. Ita ba ta da wannan shakkar, kuskure ma da ƙwarewa take yin sa. Bayan nan aka dole kowane canji ya shiga kwamfuta kafin a taɓa shi a fili, kuma amfanin wannan dokar ya kai har ga sassan da na'urar ba ta taɓa shiga ba.

Hanya ta biyu ta fi burge ni a matsayina na injiniya. Dekin da muke zubawa shimfiɗaɗɗe ne mai kauri ɗaya, alhali nauyi ba ko'ina yake bi ba. Muna cika kankare inda ba a buƙata ne kawai domin katakon zubi miƙaƙƙe ya fi araha da sauƙi ga kafinta. Na'ura kuwa ba ruwanta, lanƙwasa da miƙewa duk ɗaya ne a wurinta. A jami'ar ETH da ke Zurich, ayarin Farfesa Philippe Block sun gina dekin mai siffar baka da haƙarƙari a ginin gwaji na HiLo da aka buɗe a 2021, wanda ya rage kusan kashi 70 cikin 100 na kankare da kashi 90 na rodi idan aka gwada da dekin da aka saba. A shekarar dai suka haɗa hannu da wasu aka kafa gadar ƙafa ta Striatus a Venice, da tubalan kankare da na'ura ta zuba, ba rodi ba kwaɓin haɗi, nauyin tubalan ne ke riƙe juna yadda magina na da suke yin baka. Tsohuwar hikima ce, na'ura ta sa kuɗinta ya fara sauka.

Game da na'urar da ke zuba bango layi bisa layi, wadda ake ta yaɗa bidiyonta, ina ba da shawarar taka-tsantsan. Gaskiya ne an yi abubuwa da ita: ginin da Apis Cor ta zuba a Dubai a 2019 mai tsayin mita 9.5, makarantar da 14Trees ta zuba a Malawi a 2021, da rukunin gidaje 100 na kamfanin ICON a Texas. Tana kawar da katakon zubi, tana rage tarkace. Amma kwaɓin dole ya bi ta famfo da siririn baki, ya kuma tsaya da kansa nan take, don haka galibi ba a sa masa manyan tsakuwa, simintinsa kuma ya fi na kankaren da aka saba yawa. Bango mai ƙarancin kauri da kwaɓi mai yawan siminti na iya tashi babu riba. Kuma galibi bango kawai take yi. Harsashi, rufi, ƙofofi, wuta da famfo suna nan suna jiran mutane. Gwajin da ya fi kama hanya a ganina shi ne irin gidan TECLA da aka zuba da ɗanyar ƙasa a Italiya a 2021.

Sai tarkace. Amurka kaɗai ta fitar da tan miliyan 600 na tarkacen gini da rusau a 2018, fiye da ninki biyu na sharar gidajenta. Tsince katako da ƙarfe da kankare daga wannan tari aiki ne mai ƙura da ƙusoshi, kuma kamfanoni irin ZenRobotics na Finlan sun ƙera hannayen da ke yin sa. A nan kare rai da kare muhalli suka haɗu a aiki ɗaya.

Abin da za ka gaya wa yaranka

Kada ka ce musu ba abin da zai canza, za su gane ba gaskiya ba ne. Aikin da mutum huɗu ke yi zai iya komawa na biyu, kuma wanda abin ya fi shafa shi ne wanda aikinsa maimaici ne zalla. Amma ka duba inda na'urorin nan suka fi samun shiga. A Japan fiye da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan gini sun kai shekara 55, matasa ba sa shigowa, kuma daga Afrilun 2024 doka ta taƙaita musu awannin ƙarin aiki. Rashin hannu ne ya kira na'ura. Inda ma'aikata suke da yawa, lissafin sayenta don rage albashi sau da yawa ba ya fita, in aka haɗa kuɗin gyara, da horo, da kwanakin da za ta zauna ana jiran kayan gyara. SAM100 mai jera bulo ma sai da birkila a gefe yana gyara haɗi yana yin kusurwa, da lebura yana ɗura mata bulo da kwaɓi. Waɗanda suka ɗauka fasaha za ta maye gurbin sanin fili sun sha kashi: kamfanin gine-gine na Katerra a Amurka ya tara jarin da ya haura dala biliyan 2, ya durƙushe a 2021.

Ni dai ra'ayina, rimot a hannun mai sana'ar ya kamata ya kasance. Koya wa mai huda silin danna maɓalli aikin kwanaki ne. Koya wa mai kwamfuta ya ji a kunnensa cewa bakin injin ya ci karo da rodi aikin shekaru ne. Kamfanin Canvas mai na'urar shafe bango a Amurka da ƙungiyar ƙwadagon masu sana'ar ya haɗa kai, 'ya'yanta ne suka riƙa sarrafa na'urar. Kuma ka ja kunnen manyanka kan kyamarorin da ke jikin waɗannan abubuwa. Ranar da aka yi amfani da hotonsu aka yanke wa wani albashi don ya zauna hutawa, daga ranar ba wanda zai sake kawo maka rahoton haɗarin da aka tsallake, kuma wannan rahoton ya fi na'urar daraja.

In ni ne kai, zan roƙi a fara daga littattafanku kafin kasidar mai sayarwa. A buɗe littafin haɗura na shekara biyu da na aikin da aka sake, a ga wane aiki ne ya fi jikkata mutane, wanne ya fi cin kaya. In akwai na'urar da ta dace da shi, a yi hayarta, kada a saya, a gwada a hawa ɗaya. A auna kafin da bayan: awa nawa aka yi a kan tsani, buhu nawa aka buɗe, tifa nawa ta fita da tarkace. Kowa a fili, har sabon lebura, ya san inda jan maɓalli yake, ya kuma san ba za a yi masa faɗa ba in ya danna. Wani lokacin binciken zai nuna cewa abin da kuke buƙata shingen bakin bene ne da injin huda mai zuƙe ƙura, kuma faɗin hakan a gaban manya na buƙatar ƙarfin hali.

Ka riƙe cewa gogewata a ginin benaye take. Mai aikin gada ko ramin ƙarƙashin ƙasa ko madatsar ruwa lissafinsa daban ne, can na'ura ta fi samun sarari domin wurin a killace yake kuma aikin maimaici ne. Dokar tsaron ma'aikata da sharuɗɗan inshora ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ku zauna da jami'in tsaronku da kamfanin inshorarku a rubuta wanda ke da alhaki kafin na'urar ta sauka daga mota.

Ranar da mai sayarwa ya zo nuna muku, zai so a ba shi wuri shararre mai haske. Ka kai shi hawan da ya fi kowanne cunkoso, inda wayoyi ke ƙasa kuma masu filasta ke aiki. Ka sa dattijon da ya fi kowa sanin aikin ya tsaya kusa da kai. Tana tsakiyar aiki, hannunta a sama, ka ce a kashe rimot ɗin, ku ga abin da za ta yi.